Sallayar Gaba

Tun ranar da Mimi ta rasu gidan nan ya yi wa Maman Mimi girma. Ɗaki biyu ne da falo, amma sai ta riƙa jin kamar a kango take kwana. Mijinta direban motar asibiti ne. Shi ya ɗauki 'yarsa da hannunsa, yana gudu, yana jiniya, yana addu'a, kafin ya kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Daga ranar bai sake kai goshinsa ƙasa ba.

"Abban Mimi, an fa kira salla."

"Na ji. Wa zan kira? Na yi kira a motar nan har muryata ta dishe, wa ya amsa? Ba kowa a can! Mu zo, mu sha wuya, mu ruɓe, shi ke nan labarin."

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. Da can shi ke jan su salla in bai samu jam'i ba, shi a gaba, ita a baya. To, ba ta fasa ba. Kullum sai ta shimfiɗa sallaya biyu, ta tsaya a ta baya, ta bar ta gaba wayam. In ta idar ta naɗe su tare. Wallahi kaɗaici bai taɓa cin ta ba kamar a wannan tsayuwar.

Zance dai ba ya ɓuya. Wata rana da yamma sai ga yayanta, ko zama bai yi ba.

"Umma ta ce ki haɗa kayanki. Mutumin da ya ce babu Allah, wane aure ya rage tsakaninku?"

"Yaya, don Allah a ƙara mini lokaci, pilis! Ciwo ne ke magana, ba shi ba. Wanda bai yarda da Allah ba, ai ba zai yi ta fushi da Shi haka ba."

"Ke dai so ya rufe miki ido! Bayan magariba zan dawo da mota."

Ta haɗa akwati tana kuka. Mijin ya dawo aiki ya ga akwatin a bakin ƙofa, ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba.

"Ki tafi kawai, gara ki huta. Komai ma ƙarewa yake yi."

Ta shimfiɗa sallaya biyu kamar kullum, ta ta da kabbara. Sai ta ɗauko surar da ya koya mata suna amarci, lokacin da yake tsokanarta wai kanta rariya ne, ba ya riƙe komai. Ai kuwa tana zuwa ayar da ta saba yi mata gardama, ta tsaya cak. Ta koma baya, ta sake kakarewa. Ayar ta ɓace mata ƙaf.

Sai murya daga kujera, a hankali, ta ɗora mata. Ya ja ayar tiryan-tiryan kamar yadda ya saba, kafin ma ya san bakinsa ya buɗe.

Ta karɓa ta ƙarasa. Da ta sallame ta juyo, ta gan shi ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

"Ban yi niyya ba, fitowa kawai ta yi... Na zaci babu sauran komai a cikina. Maman Mimi, har yanzu ina da tambayoyi, har yanzu zuciyata zafi take!"

"Ni ma haka. Kai kaɗai ka haife ta? Zo da tambayoyin nan wurin, ni ma a nan nake sauke nawa."

Ya daɗe yana kallon sallayar gaba. Can ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi.

"Ina buta?"

Da yayan ya dawo, sallamarsa ta maƙale. Surukinsa ne tsaye a sallayar gaba yana karatu, ƙanwarsa zaune a baya tana share hawaye. Ya ja ƙofar a hankali, ya koma mota shi kaɗai.

Jama'a, wanda baƙin ciki ya kayar, kada a yi saurin naɗe masa sallaya. A bar masa wurinsa, a yi haƙuri, mai shiryarwa Allah ne.