Guntun Tubalin Ganuwa

Can a wani gari, akwai wata uwa mai koyar da 'ya'yanta biyu a gida. Ran nan ta kai su tsohuwar ganuwa, ta ce, "Ga tarihin da muke karantawa. A duba da ido, ban da hannu."

Babbar ta duba da ido, ta kuma sa hannu. Ta ɓalli guntun tubali ta ɓoye, sai gefen ganuwar ya zube.

Uwa ta juyo ta ga ƙaramin a wurin. "Auta, kai ne? Ba ka ƙara biyo mu."

Ya fashe da kuka. Yayarsa ta sunkuyar da kai. "Inna, ni ce."

"To, ɗebo ruwa ki kwaɓa ƙasa."

Har ta gama yaɓen, ta kasa haɗa ido da ƙaninta.