Hoton Ƙofar Umma

Ni'ima na tsugune a tsakar gida tana wanke shinkafar waina lokacin da ƙanin mahaifinta, Baffa Halilu, ya shigo, sallamarsa ma a ciki-ciki. Kai tsaye ya wuce wurin mahaifiyarsa, Hajiya Asabe, wadda ke zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran alayyafo.

"Iya, kin ji? An kori yaron nan daga aiki!"

"Wane yaro? Yara ai sun yi yawa a Zongo."

"Kamaludeen mana, mai neman Ni'ima."

Hannun Ni'ima ya tsaya cak a cikin ruwa. Kamal ya yi karatunsa a jami'ar Calavi, ya samu aiki wurin wani mai ɗaukar hoto da ke da shafi a intanet. Mutumin ya zaga Cotonou ya ɗauko hotuna, Kamal ya rubuta bayanin kowanne da Faransanci, a biya shi gwargwadon abin da ya rubuta. An riga an tsayar da magana za a ɗaura musu aure da zarar mahaifiyar Ni'ima, Rukaiya, ta fita takabar mijinta, marigayi Abdoulaye.

Baffa Halilu ya ce, "Tun farko na ce wannan ba sana'a ba ce. Ba shago, ba biro, wato ofis, mutum ya zauna yana dannar waya! Na tambaye shi dalilin korar, ya sunkuyar da kai, wai saɓani ne. Yaya ya rasu ya bar mini amana. Ba zan ɗauki marainiya in ba wanda ba ya iya riƙe aiki ba."

Hajiya ba ta ɗago ba. "Na ji. Ka taka mini ganye, matsa."

Bayan la'asar Kamal ya zo zaure. Ya rame, amma rigarsa a goge take kamar kullum.

"Kamal, don Allah me ya faru? Baffa fa zai fasa!"

"Bon, Ni'ima, aiki ne ya ƙare. Wani zai samu."

"Kuɗin mutumin ka ci?"

"Haba! Ni?"

"To faɗa mini mana! Ni ce fa."

Ya kalli takalminsa. "Ki yi haƙuri. Magana ce da in ta fita daga bakina ba ta komawa."

Ta koma cikin gida da kuka. Kwanaki suka shuɗe, ba ta ci sai an matsa mata. Ba ta kai ƙara wurin Ummanta ba, don mai takaba abin da ke kanta ya ishe ta. Ba ta kuma zagi Kamal a gaban ƙawaye ba, duk da suna ta zuga ta cewa wata ya samu a unguwar Jonquet.

Wata safiya Hajiya ta kira ta. "Ke, share wannan majinar. Kuka bai taɓa dafa tuwo ba a gidan nan. Kawo wayarki, nuna mini inda suke liƙa hotunan."

Ni'ima ta buɗe shafin. Hajiya ba ta san baƙi ba, ko na boko ko na ajami, don haka rubutun bai dame ta ba. Hotunan ta bi ɗaya bayan ɗaya, tana matse ido. Ga masunta a Ladji, ga 'yan zemijan, masu haya da babur, da rigunansu rawaya. Sai ga tsakar gidansu ranar sadakar arba'in ɗin Abdoulaye. Ran nan Kamal ya roƙi Hajiya ta bar maigidansa ya ɗauki girki, ta yarda, amma ta ce tukwane kawai.

"Ga tandata. Ga hannun Saude mai taya ni suya. Wuce. Wuce." Hotunan suka ƙare. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Saura ɗaya. Je ki kira mini Halilu, ki aika wa ɗan bokon naki ya zo."

Da suka hallara, Kamal ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan. Ni'ima ta raɓe a bayan labule.

Hajiya ta ce, "Ranar arba'in iska ta ɗaga labulen Rukaiya. Da idona na ga baƙonka ya juya abin hotonsa can, na ji ƙas. Baƙi sun cika gida, shi ya sa ban yi magana ba, amma tun ranar ban yi barci mai daɗi ba. Yau na duba, babu shi. Ina yake?"

Kamal ya kau da kai.

"Kai, da kai nake! Ba na son noƙe-noƙe."

"Kaka, ya turo mini shi ne, ya ce in rubuta labarin baƙin cikin matar Zongo, wai shi zai fi jan mutane. Umma ce zaune a tabarma, kanta ba ɗankwali sosai, tana hawaye. Na je har gidansa, na ce ba na tashi sai ya goge. Ya goge a gabana, sannan ya ce kada in sake taka masa ƙofa."

Baffa Halilu ya zaro ido. "To me ya hana ka faɗa mini, kai kuwa?"

"Baffa, in na faɗa, kafin magariba Zongo ta ji an ɗauki Umma hoto tana takaba. Wasu za su ce da saninta. Gara a ce ni ne malalaci."

Ni'ima ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba, amma ba irin na kwanakin baya ba.

Hajiya ta nuna Kamal da wuƙar yankan ganye. "Kada ka ji daɗi tukuna. Kai ka kawo mana baƙon da bai san labule ba, ni kuma na yarda. Wautar tamu ce mu biyu." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, Halilu, yaron da ya ajiye abincinsa don rufa wa matar yayanka asiri, shi kake kira mara riƙo? Me kake son ya riƙe da ya wuce wannan?"

Baffa ya shafa gemu. Ya dubi Kamal ya ce, "Gobe ka same ni a gareji. Motocina na zuwa har Malanville, can kan iyaka, kullum faɗa nake da masu Faransanci. Ka zo da naka Faransancin, ka kama aiki."

Rukaiya ta fita takaba lafiya, ba ta taɓa jin labarin ba. Aka ɗaura aure a masallacin unguwa, aka yi waina har maƙwabta suka ƙoshi. Mai hoton bikin, kafin ya ɗaga hannu, sai da Kamal ya kai shi gaban Hajiya ya durƙusa, ta zana masa iyaka: nan da nan, ban da can.

Ku 'yan mata, ku ji da kyau. Aiki yana zuwa, yana tafiya. In za ku duba namiji, ku duba abin da ya yarda ya rasa don mutuncin gidanku. Kuma in ya yi shiru, kada ku yi saurin bin bakin ƙawaye. Ni'ima ta yi haƙuri, yau tana ɗakinta.