Jan Ɗigon Lukmanu

"Rumfa ɗaya ya rage," in ji Madam Perpetual, mai shirya baje kolin zane-zane a wani lambu da ke Garki. "Kai ka zo, shi ma ya zo. Ku raba, ko in ba mai sayar da kyandir."

Wadda take kira "shi" budurwa ce mai gilashi, sanye da mayafi ruwan toka, ta rungumo buhun jakunkunan fata da take ɗinkawa. Sunanta Rakiya. Ta dubi Lukmanu daga sama har ƙasa, sannan ta dubi abin da ya jingine a bayansa.

"Malam, zane ka kawo ko hatsari aka yi?"

Lukmanu ya haɗiye fushi. A garejin kawunsa Yelwa da ke Apo ya tashi, wurin fentin mota, saboda haka shi ba ya zane a kan ƙyalle. Bonet da ƙofofin matattun motoci yake samu, ya kankare tsatsa, ya zana musu kasuwa da ruwan sama da masu jiran bas. Aikin da kyau. Sai dai nauyi kamar me.

"Bango nawa, tebur naki," ya ce.

"Na yarda. Amma kai za ka riƙa ɗauko min kaya a akori-kurar nan taka."

"Ni kuma me zan samu?"

"Baki. Na ga alama naka bai iya ciniki ba."

A haka suka shirya.

Rumfar kuwa Allah ya sawwaƙe. A gindin janareto take, ga hayaƙi ga ƙara, kanofin kuma da huda daidai kan kujerar Lukmanu. Mutane su zo, su tsaya gaban zane, su karkace baki su ɗauki hoton kansu, su wuce ko sannu babu. Wani oga mai ƙaton tumbi ya ce a kai masa biyu ofis kyauta, manyan mutane za su gani. Wata hajiya ta daɗe tana kallon zanen tashar mota, har Lukmanu ya fara gyara tsayuwa.

"Yana da kyau," ta ce. "Za ka iya mayar da shi shuɗi? Labulen falona shuɗi ne."

"Hajiya, a sake labulen mana."

Hajiya ta ja tsaki ta tafi. Rakiya ta dafe kai.

"Mai Fenti, daga yau kada ka ƙara yi wa kwastoma magana. In an tambaye ka, ka yi murmushi ka dubi sama. Haka masu zane suke yi."

Da ta zaga sauran rumfuna, ta dawo da tambaya: mene ne jan ɗigon da ake liƙawa a gefen wasu zanuka? Ya ce ai alama ce an saya. Rakiya ta shiga lissafi irin na 'yan kasuwa. Ta lura duk inda ɗigon nan yake, nan mutane suke cincirindo, don mutumin Abuja ba ya son abu sai ya ga wani ya riga shi. Da Lukmanu ya je sallar la'asar ya dawo, sai ya tarar da jan ɗigo a kan zanen da ba wanda ya taya, wani Bature kuma yana biyan kuɗin na kusa da shi da sauri.

"Wa ya sayi wancan?" ya tambaya bayan Baturen ya tafi.

"Babu. Amma ka ga wannan ya tafi."

"Ƙarya ce fa, Rakiya."

"Talla ce."

"Ƙarya ce mai gam a baya." Ya ɓamɓare ɗigon. "Kada ki ƙara."

Ta ƙara, sau ba adadi. Duk baje kolin da aka yi a shekarar, na otal da na lambu da na harabar makaranta, tare suka ci shi, ita tana liƙawa shi yana ɓamɓarewa. Tun suna faɗa har faɗan ya koma abin da kowa yake jira. Ba wanda ya san ranar da abin ya juya. Kawu Yelwa dai ya lura yaron ya fara wanke akori-kura kafin ya fita.

Saƙonni suka fara kai-kawo.

"Manaja, kin isa gida lafiya? Kin bar almakashinki a mota."

"Na sani. Da gangan na bari don ka sami dalilin zuwa."

"Ni da ba ni da baki, me zan ce in na zo?"

"Ka yi murmushi ka dubi sama, Mai Fentina."

A lokacin ne ya yi zanen da ya fi kowanne. A jikin ƙofar wata tsohuwar mota ya zana hannu guda, yana tura allura cikin fata. Babu fuska, babu suna. Sai dai a gindin babban yatsan akwai ɗan tabon ƙuna mai kama da jinjirin wata. Da Rakiya ta gani, ta ɓoye hannunta cikin mayafi.

"Wannan ba na sayarwa ba ne, Rakiyata," ya ce. "Zan dai riƙa rataye shi, don in kin je yawon leƙen rumfunan mutane in sami abin kallo."

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Alhaji Surajo, darakta ne a wata ma'aikata, mutum mai son a gaya masa abu a taƙaice. Da aka kai masa maganar Lukmanu, tambaya ɗaya ya yi.

"A ina yake aiki?"

"Abba, mai zane ne. Zaman kansa yake yi."

"Zaman kansa. Wato zaman banza da sabon suna. Ƙarshen wata wa yake biyansa?"

Shi Alhaji akwai wanda ya kwanta masa a rai, Umar Farouk, ɗan abokinsa, wanda bai daɗe da gama makarantar lauyoyi ta Bwari ba. Yaro ne mai ƙamshi, mai mota, ba ya iya jimla uku bai ce "a doka" ba. Alhaji bai ce dole ba. Cewa ya yi zai je babban baje kolin ƙarshen damina da za a yi a lambun nan na Garki ranar rufewa, ya gani da idonsa ko fenti yana riƙe gida. In bai gamsu ba, kada a ƙara tayar masa da maganar.

Ana gobe rufewa, ruwa ya wuni yana zuba, kasuwa ta mutu murus. Rakiya ta tafi rigima da Madam Perpetual a kan hudar kanofi, sai ga Umar Farouk da lema. Ya zaga rumfar yana toshe hanci saboda hayaƙi, ya tsaya gaban hannun nan. Shi ma ya gane tabon.

"Nawa wannan?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"A doka, duk abin da aka baje a kasuwa tayi ne ake nema. Faɗi kuɗinka, maigida."

Lukmanu ya ga in ya buɗe baki abin ba zai yi kyau ba. Ya ɗauki takardar ɗigon Rakiya a kan tebur, ya ɓalli ɗaya, ya manna a gefen zanen da ƙarfi har ƙofar ta yi ƙara.

"An saya. Sauka lafiya."

Don kada ya fita hannu biyu, Umar Farouk ya nuna bonet mafi girma a rumfar ya biya. A bakin lambu ya ci karo da Rakiya.

"Na yi ciniki da mai fentinki," ya ce yana murmushi. "Ashe komai nasa da farashi."

Ta ƙaraso rumfa, idonta ya sauka kan jan ɗigo a gefen hannunta. Ta san ba ita ta liƙa ba. Ta kuma san Lukmanu bai taɓa liƙa ɗigo a kan abin da ba a saya ba, shekara guda tana fama da shi a kan haka. Ta kwashi jakarta ta tari tasi. Shi kuma yana can bayan rumfa yana kokawar ɗaure bonet.

Da ya gama bai gan ta ba, ya tura mata saƙo: "Manaja, ina kika shiga?"

Ya sake tura wani.

"Hasken idona, ko ruwa ne ya kore ki?"

Sai can amsa ta zo: "Allah ya sa albarka a cinikin. Da ka tambaye ni da na ƙara maka farashi, tunda hannuna ne."

Ya kira, ta kashe waya.

Washegari da ya iso, ya tarar ta riga shi. Idonta a kumbure, ba ta dube shi ba. Bangon kuwa ja ko'ina, kusan kowane zane da ɗigonsa.

"Rakiya, mene ne haka?"

"Abba yana hanya. Ko ina fushi da kai ba zan bari ya ga bango fayau ba. Ka rufe bakinka, ka dubi sama."

"Ki tsaya in gaya miki zancen..."

"Ga shi nan."

Alhaji Surajo ya shigo da farar shadda, yana ɗage ƙafa saboda taɓo. Lukmanu ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya bi bangon da kallo a hankali, Rakiya tana biye tana bayani.

"Duk waɗannan an saya?"

"Ai Abba ka ga alamar," in ji ta.

Alhaji ya gyaɗa kai, fuskarsa ta fara sakewa. Da Lukmanu ya yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Ya dubi sama kamar yadda aka koya masa, ruwan kanofi ya ɗigo masa a goshi. Ya ja dogon numfashi, ya miƙe, ya fara ɓamɓare ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

"Lukmanu!" Rakiya ta ce cikin raɗa, kamar ta shaƙe shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba a saya ba. Wannan ma. Wannan wata ta ce sai na mayar da shi shuɗi. Abin da na sayar a bajen nan bai taka kara ya karya ba. Wata kasuwar takan yi kyau in ci wata da watanni, wata kuma haka. In ta ƙi, ina fentin mota a garejin kawuna a Apo, ba na kwana da yunwa, wadda ke hannuna ma ba za ta kwana ba. Amma ba zan karɓi 'yarka da ɗigon ƙarya ba."

Alhaji ya juya ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Aikinki ne?"

"Talla ce, Abba."

"Halin uwarki sak." Ya nuna da sandar lemarsa. "To wancan fa? Ka manta ɗaya."

Ya matsa kusa da ƙofar motar, ya gyara gilashi. Ya daɗe a tsaye. Tabon nan ya san shi. Rakiya tana rarrafe ta kama dutsen gugar da shi da kansa ya ajiye a ƙasa yana saurin fita ofis, shi ya ɗauke ta a guje zuwa asibiti da singileti.

"Wa ya sayi wannan?" Muryarsa ta sauya.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Jiya wani lauya ya matsa sai ya saya, na rasa yadda zan yi da shi, na manna don ya ƙyale ni. Ita ce ƙarya ta farko da na liƙa, ga shi tun jiya ba a amsa wayata."

Rakiya ta ɗago. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni zan saya," in ji Alhaji.

"A yi haƙuri, Baba. Ba na sayarwa ba ne."

"Kai yaro, hannun 'yata ne fa."

"Shi ya sa."

Alhaji ya dube shi, ya dubi hudar kanofi, ya dubi janareto, ya girgiza kai.

"Mutum ya zo neman aure, ya kori ciniki a gaban surukinsa. Ban taɓa ganin mara dabara irinka ba." Ya kakkaɓe babbar riga. "Ka ce wa kawun naka ya zo ya same ni. Ya wanke hannu kafin ya zo, kujeruna farare ne."

Da motar Alhaji ta tashi, wayar Lukmanu ta yi ƙara, alhali mai saƙon tana tsaye a bayan tebur.

"Ka yafe min, Mai Fentina. Amma wallahi ka kusa kashe ni."

"Na yafe, Manaja. Kawo takardar ɗigon nan."

"A'a."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Garki. Mutanen Apo suka zo da motocin kwastomomi, Madam Perpetual ta zo sanye da ashobi, wato ankon biki, tana ta cewa amarya ya yi kyau. Da yamma aka ga akori-kura ta tsaya ƙofar gidan Alhaji, ango da abokansa suka sauke ƙofar mota naɗe da atamfa.

"Na ce ba na sayarwa ba ne, Baba, ban ce ba na bayarwa ba. Ni na sami hannun. Kai ka riƙe wannan."

Alhaji ya ce ƙura ce ta shigar masa ido. Ya sa musu albarka, ya yi addu'ar Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, kowa ya shafa.

In aka zo batun riba da asara, Umar Farouk ya tashi da bonet ɗin da ya ƙi shiga matattakalar benensa, yana nan a jingine a inda yake ajiye mota. Madam Perpetual ta yi asarar kuɗin rumfa guda har abada, don yanzu ba mai raba su. Lukmanu ya sami mata da baki, ya rasa kwanciyar hankali ranar kasuwa, domin har yau ita tana liƙawa shi yana ɓamɓarewa. Alhaji Surajo ya ba da 'ya ya karɓi ƙofar mota, ya kafa ta a tsakiyar falo, in baƙi sun zo shi ke bayani. Hajiyarsa ta yi ta mitar cewa ba ta dace da labule ba.

Aka sake labulen.