Filin da Zai Ɗauki Otis da Digby

A filin sakin karnuka na bakin kogi suka haɗu, wata safiya da Tessa ta taso daga aikin kwana a asibiti, idanunta kamar an zuba musu yashi. Ta kwance wa Otis igiya ke nan, sai ga wani ƙaton kare jiƙe sharkaf ya yo kansa a guje. Otis tsoho ne, ɗan mitsitsi, shi mahaifiyarta ta bar musu da ta rasu. Ya sa ƙara ya shige tsakanin ƙafafunta.

"Digby, dawo nan. Don Allah ki yi haƙuri," in ji mai karen yana haki. "Wasa yake so, hankali ne dai babu."

"Shi ko mai shi?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi duk da gajiyar. A birnin Calgary mutanen filin karnuka ba sa tambayar sunan juna, na kare ya wadatar, don haka ya daɗe yana amsa Baban Digby kafin ta san Rowan ne sunansa. Daga nan sai shan kofi, sai lambar waya, sai saƙon da ke jiran ta duk ranar da ta tashi aiki:

"Sannu da aiki, zumata. Ki ci wani abu kafin ki kwanta. Digby na gaida Otis."

"Otis ya ce bai amsa ba," takan mayar masa.

Kuma gaskiyarta. Su dai sun so juna har maganar aure ta taso, amma Otis ko warin Digby ba ya son ji, ga shi aure gida ɗaya ake zama. Wata mai horar da karnuka ta ce su riƙa haɗa su a filin da ba na kowa ba har su saba. Shi ke nan, kowace Asabar sai an nemi sabon fili. Wani babu shinge, Otis ya firgita ya kusa faɗawa titi. Filin unguwarsu mai shinge ya yi wa Digby kaɗan, ya hana kowa sakat har aka fara hararar su. A na kan tudu kuwa Otis ya tsaga wa Digby kunne, suka ƙare a wurin likitan dabbobi. Soyayya ta koma duba taswira da wanke kujerar mota.

Mahaifinta, Walter, ya kafe kan bai yarda da auren ba. "Karen uwarki ba zai ƙare kwanansa a ƙarƙashin gado yana karkarwa ba. Ga Colin nan mai zuwa filin unguwarmu, karensa ko haushi ba ya yi."

"Baba, ai shi ma Colin ɗin ba ya magana."

Ana haka sai ga saƙon Rowan:

"Na kai Digby gonar yayata, can zai zauna. Yanzu babu abin da zai hana mu, zumata."

Ta karanta. Ta nuna wa mahaifinta, ya miƙo mata wayar yana cewa, "Yau kare ne ya yi masa nauyi. Gobe fa?" Maganar ta yi mata zafi, don ita ma abin da ta raya ke nan. Ba ta amsa saƙon ba, ba ta ɗauki kiransa ba.

Da kewa ta ci ƙarfinta, ta rungumi Otis ta nufi bakin kogi. Ta sami Rowan a kan benci ya rame, igiyar Digby a naɗe a hannunsa, yana jefa wa karnukan mutane ƙwallo.

"Ni na ce ka ba da shi?"

"Na ga kin gaji ne, Tess."

"Na gaji. Amma ba da kai ba, ba kuma da Digby ba. Neman filin da babu shi ne ya gajiyar da ni." Ta zauna kusa da shi. "Ba dole sai sun so juna ba. Ka kai naka kogi, in kai nawa mai shinge, mu haɗu a gida."

"To a gidan fa?"

"Tashi mu je mu ɗauko shi. Ma yi maganar gida a hanya."

Walter yana taga lokacin da suka dawo. Ya ga Rowan ya durƙusa a gefen mota, ya cusa fuska a wuyan karen, kafaɗunsa na rawa. Da biki ya matso, sai ga Walter a sabon gidansu da katako da guduma. Ya yini yana kafa wata gajeriyar ƙofa mai sakata a tsakiyar gidan, Otis ta ciki, Digby ta waje.

Ranar ɗaurin aure ya riƙo hannun Tessa har gaban ango, ya tsaya, ya sassauta murya.

"Ba don ka ba da karenka saboda ita na ba ka ita ba. Don ka koma ka ɗauko shi ne." Ya haɗa hannayensu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya hutar da ku."