Ƙarshen da Lubabatu Ta Sauya

Lubabatu na durƙushe a tsakar gidan su Ukasha a Ƙafin Maiyaki, da ɗan littafi a hannu, bakinta har kunne. Saura wata biyu bikinsu. Shekara guda ta yi tana zuwa wurin kakarsa, Iya Kyauta, tana rubuta tatsuniyoyinta saboda 'yan ajinta na firamare. Yau ga shi an buga, da sunan tsohuwar ɓaro-ɓaro a bango.

"Karanto mini ta kututture," in ji Iya.

Duk jikokin gidan sun haddace ta. Wata uwa ce ciwo ya yi mata tsanani, ta aiki ƙaramar 'yarta ta kirawo babbar daga gidan miji. Yarinya ta tsaya kallon makaɗa a hanya, kafin su iso an binne uwar. Sai ta zama kututture, kowa ya zo wucewa ya tofa mata yawu. Kullum a nan Iya take tsayawa.

Ita kuwa Lubabatu, ga tausayi ga karambani irin na sababbin malamai, ba ta tsaya a nan ba. Ta karanto yadda yayar ta dawo da ruwa a buta, ta zuba wa kututturen ta ce, "Na yafe miki," ya koma mutum.

"Wa ya ce ki yafe mata?"

"Iya, yara ne suke kuka a aji, shi ne na ɗan gyara ƙarshen—"

"Kika gyara! Da sunana? Kika cusa mini magana a baki kika raba wa duniya?" Tsohuwa ta ɗaga murya. "Ukasha! In dai ni na haifi ubanka, yarinyar nan ba za ta shigo gidan nan ba!"

Washegari Ukasha ya kira ta a waya, murya a dashe. "Luba, ashe ba tatsuniya ba ce. Ƙanwar Iya ce, Inna Saude, tana Doguwa. Shekara hamsin ba sa magana. Wallahi ni ma sai yau Baba ya gaya mini. Sori, an ɗage bikin."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Mahaifiyarta ta ce ta cire shi a ranta, maza ba su ƙare ba. Ta kasa. Kowace Juma'a takan hau acaɓa ta je ta durƙusa ta ce, "Iya, na yi kuskure," tsohuwa ta juya fuska ga bango. Wata bakwai ana haka.

Wata Juma'a tana durƙushe sai ga sallamar baƙuwa. Rumaisa ce, jikar Inna Saude, riƙe da tsohuwar buta.

"Iya, Inna ta rasu ran Talata. Wani malami ne ya kawo littafinki makarantarmu. Tun da na karanta mata, kullum sai ta sa na maimaita ta kututture, tana kuka tana dariya. Ta ce a kawo miki butarta, a ce wa Yaya ruwan ya iso."

Iya ta miƙa hannu ta karɓi butar. Sai da baƙuwa ta fita alwala Iya ta rungume butar ta fashe da kuka.

"Ni ban aika mata da ruwa ba, yawu na yi ta aikawa! Shekararta tara fa ranar da aka aike ta... Ashe ni ce kututturen." Ta kamo hannun Lubabatu. "Tashi, 'yar nan. Kira mini Ukasha."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure. Lubabatu ba ta ƙara taɓa labarin wani ba sai ta tambaya, don ta gane akwai tatsuniyar da ciwon mai ita ce. Haƙurinta ya yi mata rana. Amma yafiya, jama'a, a yi ta tun mai laifi na numfashi. Har yau Iya na ba jikoki ta kututture da sabon ƙarshe, sai dai in ta iso wurin buta takan tsaya, Lubabatu ce ke ƙarasa mata.