Faranti Na Shida

Baƙo ko da ido makaho ne. Ranar da Khiem ya sauko a tashar Can Tho daga motar Hanoi ta can arewacin ƙasar, bayan kwana biyu a zaune, masu sayar da banmi, wato burodi mai haɗi a ciki, har huɗu ya wuce suna ɗaga masa hannu. Hankali ɗaya ya yi: ya tsaya gaban amalanken da 'yan acaba suka yi wa layi. Ɗan acaba ba ya layi a kan banza.

Yarinyar da ke bayan amalanken, Tuyen, tana tsaga burodi, kifi na ƙara a cikin mai. Ta ɗago, suka haɗa ido.

"Yaya, me za a zuba?"

"Kifi kawai. Ban da karas mai tsami, ban da ganye, ban da barkono."

Wuƙar ta tsaya cak.

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To asibiti yana gaba. Nan wurin abinci ne."

"Ɗan Arewa ne, ku ji harshensa!" in ji wani ɗan acaba. "Ƙyale shi, barkono ɗaya sai ya kira uwarsa."

Ta zuba masa komai da komai, ta miƙa. Ya gatsa, ɓawon ya ce ƙaras, hawaye suka zubo masa. Yana share ido ya ce a ƙaro ɗaya.

Gyaran injinan ban ruwa ya kawo shi, aikin mako uku. Ya yi wata biyar. Kullum da hantsi sai wayar Tuyen ta yi ƙara:

"Barkonona, a ajiye min biyu. In na makara kar ki sayar wa wani da rabona."

Ita kuma ta mayar: "Ɗan Arewa, burodi ba ya jiran kowa. Amma mai burodin tana jira."

Da maganar ta kai Hanoi, mahaifiyarsa Madam Oanh, tsohuwar shugabar makaranta, ta saki kofin shayi ya fashe.

"Mai soya kifi a bakin titi? Ni da ban taɓa cin abinci a tsaye ba?"

A nan ma Kaka Lanh, wadda ta riƙi Tuyen tun tana goye, ta kuma yi shekara arba'in a kan wannan amalanke, ba ta yi murna ba. Ga Loc, ɗan mai gidan burodi, da ya daɗe yana neman yarinyar, ya raɗa wa Tuyen wai baƙon yana da wadda aka ba shi a gida. Kwana tara Tuyen tana miƙa wa Khiem banmi ba ta kallonsa. A na goma ya rubuto:

"Uwata ce ta zaɓa, ni ban zaɓa ba. Na gaya mata ko ke, ko in tsufa a layin 'yan acaba."

Ta mayar da kalma biyu: "Kawo manyanka."

Ganin ɗanta ya kafe, Madam Oanh ta sauko Can Tho, ba don ranta ya so ba. Mai duba ya tsayar da rana, ya ce a gama komai kafin ƙarfe sha ɗaya na safe.

To ga inda nake faɗa da yaran zamani. Saƙo dubu a waya, amma babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa faranti nawa ake kawowa. Matambayi ai ba ya ɓata.

Ranar baiko dangin ango suka jeru a ƙofar gida, kowane faranti lulluɓe da jan ƙyalle: goro da ganyensa, shayi, 'ya'yan itace, shinkafa mai danƙo, waina. Kaka Lanh ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa.

"Wayyo Allah! Biyar?"

Mata suka dafe ƙirji. Wata ta ja 'yarta baya.

"Biyar mana, Kaka," in ji Madam Oanh. "Mu a Hanoi biyar ne, ko bakwai, ko tara."

"A nan kayan aure biyu-biyu ne. Na biyar ɗin nan ina abokinsa? Zaman kaɗaici kuka kawo wa jikata?"

"To nawa kike so?"

"Shida."

Yanzu kuma 'yan Hanoi ne suka dafe ƙirji. "Shida? Ai sai gidan makoki!"

"A garinku. Nan ƙofata ce." Kaka ta janyo kujera ta zauna a bakin ƙofa. "Ba zan kunna wa kakanni turare a kan biyar ba. Sha ɗaya na yi, kowa ya kama gabansa."

Ƙarfe goma da rabi ta wuce. Masu haɗa kayan baiko suna can ƙetaren kogi. Khiem ya durƙusa, gumi ya jiƙa masa riga. Ta taga ana jin kukan Tuyen.

Madam Oanh ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Sai ta juya ga wata maƙwabciya.

"Baiwar Allah, ara min faranti."

Ta fita titi da rigar siliki da takalmi mai tsini. Ba wanda ya san inda ta nufa. Dangi suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon agogon kowa.

Saura minti biyar sai ga ɗan acaba ya kwararo. A bayansa shugabar makaranta ce, gashi a warwatse, takalmi ɗaya a hannu, faranti a cinya an rufe da jan gyalenta. Ta sauko ta durƙusa gaban tsohuwar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

"Ga na shida, Kaka."

Kaka Lanh ta yaye gyalen. Banmi ne, guda ashirin, a jere. Wani dattijo ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin haka ba, ya nemi wuri ya zauna.

Kaka ta ɗauki ɗaya ta matsa kusa da kunnenta. Shiru, ko ƙaras babu. Ta sansana.

"A ina kika saya?"

"Wajen gada. Mai babban allo da fitilu. Na ga babu layi, sai na ce zai fi sauri."

"Babu layi!" Kaka ta ɗaga hannu sama. "Jama'a, kun ji? Burodin jiya, kifin shekaranjiya. Karen unguwar nan ma ya san wannan amalanke, kewaye shi yake yi."

Fuskar Madam Oanh ta yi ja, amma ba ta tashi ba.

Kaka ta dubi ƙafarta da ta yi ƙura, ta dubi takalmin da ke hannunta. Sannan ta ja kujerarta gefe.

"Gidan da ba a san burodin jiya ba, zunubi ne a hana su jikata. Ku shigo. Tuyen! Share hawayen nan, fito ki gaida uwarki, yunwa za ta kashe su a Hanoi."

Aka kunna turare saura minti ɗaya. Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure, Kaka Lanh da Madam Oanh suna zaune tebur ɗaya suna gardamar miya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, ya kuma sa su riƙa tambaya kafin su ɗauko kaya.