Biskit Ɗin Neman Aure

Tun da safe Chizuru ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tabarmin falo, ta sauya furen da ke gaban hoton marigayiya mahaifiyarta, ta dawo ta sake sauya shi, ta leƙa titi, ta koma kicin ba tare da ta san abin da ta je ɗauka ba. Yau ne Ryohei zai zo neman aurenta wajen mahaifinta, Baba Isamu.

"Ke, ki zauna mana, kina sa min jiri!" in ji Gwaggo Tokiko, yayar Baban, wadda ba wanda ya gayyace ta amma ta iso tun kafin a sha shayi. "Direban bas ne zai zo, ba ɗan sarki ba."

Chizuru ta dubi mahaifinta ko zai tanka. Yana zaune gefen tebur ya dafa kunci, idonsa a kan lambu. Tun rasuwar matarsa Fumie maganarsa ta ragu, amma a watannin nan abin ya yi yawa. Daga "uhm" sai "a'a".

Ryohei ya iso cikin baƙar kwat da ta ɗan matse shi. Ya cire takalmi, ya cire takunkumin fuskar da ba ya rabuwa da shi saboda aikin bas, ya durƙusa ya miƙa tsaraba da hannu biyu. Gasasshen biskit ɗin shinkafa ne na garinsu Soka, irin mai taurin nan da in ka gatsa har maƙwabta sai sun ji.

Ya kai goshinsa ƙasa. "Baba, na zo roƙon ka ba ni Chizuru. Zan riƙe ta da—"

"Waye babanka a nan?" Gwaggo ta katse shi. "Tun ba a ba ka ba har ka fara rabon gado? Isamu, ɗauki tsarabar mutane ka ci, kada a ce ba mu da tarbiyya."

Baba Isamu ya daɗe yana kallon biskit ɗin. Ya ɗauki guda ɗaya, ya kai baki, ya gatsa. Nan take fuskarsa ta murtuke, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ajiye ragowar, ya miƙe, ya ja ƙofa ya shige ɗakinsa, ko kallon baƙon bai yi ba.

Gwaggo ta gyara zama. "To, saurayi, ka ga amsarka."

Bayan tafiyar Ryohei, Chizuru ta zauna a bakin kicin ta yi kuka har idonta ya kumbura. Gwaggo na tsaye a kanta.

"Kukan me? Dubi ubanki yadda ya rame! Kunun shinkafa da awara kawai yake iya haɗiya tun da uwarki ta tafi. Baƙin ciki na cin sa, ke kuma hankalinki na wajen aure. In kin tafi wa zai dafa masa? Ni? Da wannan gwiwar tawa?"

"Gwaggo, gidan da za mu kama fa ba nisa—"

"Haka kowacce ke cewa!"

Kwanaki suka yi ta wucewa, Chizuru ba ta da sukuni. A ɗakin karatun da take aiki sai ta mayar da littafi inda ba nan ne wurinsa ba. In ta ga bas ta taho sai gabanta ya faɗi. Sau da yawa ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, in ba ka son shi ka faɗa min, zan haƙura." Sai ya dafa kunci ya kau da kai, ya ce, "Uhm." Ta rasa ko "uhm" ɗin na yarda ne ko na ƙi. Ga Ryohei kullum sai ya kira waya, ita kuma ta rasa me za ta ce masa.

Ƙarshe ta yanke shawara. Ta sami Ryohei a tashar bas ta ƙarshe lokacin hutunsa na rana, yana zaune a benci da robar miyar da ya saya a shagon kan hanya.

"Ryohei, mu haƙura kawai. Ba zan bar Baba cikin wannan halin ba, kuma ka ga ba ya son ka."

Ya ajiye robar miyar a gefe. Sannan ya ce, "Da wane gefe babanki yake tauna?"

"Wai ina maka maganar rabuwa kana tambayata tauna?"

"Don girman soyayya ki amsa min. In ya sha ruwan sanyi, yana runtse ido? Yana barin shayinsa sai ya huce?"

Ta ƙura masa ido. Haka ne. Duk haka ne.

Ryohei ya sauke takunkumi, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama. "Fuskar nan da ya yi ranar, na san ta, don kullum ina ganin ta a madubi. Ba ki lura ni ma ban taɓa biskit ɗin ba? Turmin haƙorina na hagu ya rube tuntuni. Rabona da likitan haƙori tun ina gidan mahaifiyata, ita ce mai jan kunnena ta kai ni. Tuzuru wa zai tura shi? Sai ka sha magani ka ce gobe, goben kuma ba ta zuwa."

"Kai! Shi ya sa duk inda muka je sai ka ce taliya? Ni ina ta cewa son taliya ne!" Ta kai masa duka a kafaɗa, tana dariya hawaye na zuba.

Sai dariyar ta tsaya. Ta tuna Mama. Duk sauyin yanayi sai Mama ta kira asibitin haƙorin da ke bayan gada, ta sa Baba a gaba yana gunaguni, su tafi su biyu, in sun fito su biya su ci taliya. Tun da Mama ta rasu ba wanda ya ƙara ɗaga wayar nan. Ita da ke kwana gida ɗaya da shi ma abin bai taɓa zo mata a rai ba.

Ta miƙe. "Yanzu zan je in kai Baba asibitin!"

"In kika ce masa ba shi da lafiya zai ce ƙarya ne. Ki bar ni da shi."

Ranar hutunsa Ryohei ya zo da hantsi, ba kwat ba tsaraba. Baba Isamu na lambu yana yanke rassa. Chizuru ta laɓe bayan ƙofa, Gwaggo kuma na gefenta tana cewa, "Wannan yaron ba shi da kunya!"

Ryohei ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ba maganar aure ta kawo ni ba. Taimako nake nema. Haƙori ne ya hana ni sakat, kuma... tsoron likita nake ji. Ni baƙo ne a garin nan, ban san asibitin kirki ba, ba ni da mai raka ni."

Baba Isamu ya dube shi sama da ƙasa. "Ƙato da kai? Kana tuƙa mota mai ɗaukar unguwa guda, kana tsoron kujera?"

"Ƙarar injin huda haƙorin nan ce, ranka ya daɗe."

Tsohon ya ajiye almakashi a hankali. "Ƙarar ba daɗi kam," ya ce. "Bari in ɗauko hulata."

Suka fita tare. Chizuru ta yi ta kai da komo tsakanin ƙofa da taga. Ta dafa shayi ya huce, ta sake dafawa. Gwaggo tun tana mita har ta gaji.

Rana ta karkata sannan suka dawo, kowanne da kumburarren kunci da auduga a baki, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Gwaggo ta riƙe haɓa. "Dambe kuka yi?"

Baba Isamu ya wuce gaban hoton matarsa ya durƙusa, ya kunna turare. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Maganarsa na fita da ƙyar saboda allurar kashe zafin da aka yi masa.

"Matar da ke karɓar mutane a asibitin ta gane ni. Ta ce kwana biyu, ina Fumie. Kujerar da Fumie take zama tana nan kusa da taga... Abin da ya hana ni zuwa ke nan, ban iya shiga ni kaɗai ba." Ya dubi 'yarsa. "Da ciwon ya tsananta kuma sai na ɓoye. Na san halinki. In kika ji ba ni da lafiya za ki ce kin fasa aure ki zauna jinyata. Ranar nan da na gatsa abin nan, in da na buɗe baki ihu zan yi a gaban baƙo."

"Baba!" Ta faɗa jikinsa tana kuka. "Saura kaɗan fa in rabu da shi saboda shirunka!"

"To ai ni ma abin da na gani na faɗa," in ji Gwaggo, muryarta ta yi ƙasa.

Baba Isamu ya juya gare ta. "Yaya, ke yaushe rabonki da likitan? Tun rasuwar mijinki, ko?"

Gwaggo ta yi sauri ta rufe baki da hannu. "Nawa lafiyarsu lau!"

Ba a ɗaura aure nan take ba. Baba Isamu ya ce ba zai shiga hoton biki da kumburarren kunci ba, kuma ba zai ba da 'yarsa ga mai ruɓaɓɓen haƙori ba. Chizuru ta yi haƙuri har damina ta wuce, tana kallon su biyun suna tafiya asibiti tare, in sun fito su biya wajen mai taliya. Daga baya Gwaggo ta bi sahu, wai rakiya kawai take yi.

Ranar da likita ya sallame su, Baba Isamu ya sa aka kawo sabon biskit daga Soka. Ya ɗauki guda ya gatsa, ƙas! Ya tauna shi tas, ya ɗauki na biyu ya miƙa wa Ryohei.

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Wane ranka ya daɗe kuma? Faɗi abin da ka faɗa ranar farko."

"Na gode... Baba."

Chizuru ta juya ta kalli hoton mahaifiyarta, ta share ido. A ranar ta gane wani aiki da Mama ta daɗe tana yi ba wanda ya lura: lura da gefen da mutum ke tauna, da sa shi a gaba ko yana gunaguni. Mai aure yana da mai yi masa wannan, wanda ya rasa abokin zama kuwa sai 'yan'uwa sun buɗe ido. Kuma kada a yi saurin fassara shirun babba, don wani shirun ciwo ne da ƙauna suka haɗu. Ta ɗauki wayarta, ta sa asibitin bayan gada a jerin lambobinta na farko.